Yadda Za Ka Bi Tarihin Kiɗan Mutanen Arewacin Turai da Kunnenka

Duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 1990 da wuya a ce bai taɓa jin muryar Dr. Alban a rediyo ko a shagon masu sayar da kaset ba, amma kaɗan ne suka san cewa a birnin Stokholm na ƙasar Suwidin aka haɗa waƙoƙin nasa. Mutumin ɗan Najeriya ne haifaffen Oguta, karatun likitancin haƙori ne ya kai shi can, kiɗa kuma ya riƙe shi. Ke nan kunnenmu ya daɗe da sabawa da kiɗan wannan yanki, tarihinsa ne bai iso mu ba. Wannan jagora na wanda yake so ya bi tarihin ne da kansa, ko da bai iya karanta rubutun kiɗa ba, kuma ba ya jin ko ɗaya daga cikin harsunansu. Kayan aikin ba su da yawa: waya, abin sauraro na sawa a kunne, ɗan littafi da biro, sai haƙuri.

Shawarata ta farko, wadda sauran duk suka rataya a kanta, ita ce ka saurara a jere. Ka fara da kiɗan ƙauye, ka wuce zuwa rubutaccen kiɗan fada da coci da manyan zaurukan kiɗa, sannan ka ƙare da na zamani. Dalili shi ne manyan marubuta kiɗansu a wurin masu goge na karkara suka ɗebo kaya, taurarin zamaninsu kuma da dama daga cikinsu a gidan kiɗan gargajiya suka tashi. Wanda ya faɗo ta tsakiya zai ji daɗin sauti, sai dai ba zai san wa ke magana da wa ba.

Kafin ka kunna komai, ka zana taswira a shafin farko na littafinka. Ƙasashen biyar ne: Danmak, Norwe, Suwidin, Finlan da Aislan, sai tsibiran Faro da Girinlan waɗanda ke ƙarƙashin masarautar Danmak, sai kuma al'ummar Sami da ke zaune a can ƙuryar arewa ta Norwe da Suwidin da Finlan har cikin Rasha. Ka rubuta shekaru huɗu a gefe, domin za ka riƙa komawa kansu: 1809 da Finlan ta fita daga hannun Suwidin ta shiga na Rasha, 1905 da Norwe ta rabu da Suwidin, 1917 da Finlan ta sami 'yanci, da 1944 da Aislan ta zama jamhuriya. Ka kuma lura cewa harshen Finlan da na Sami ba dangin sauran ba ne ko kaɗan, kuma za ka ji wannan bambanci a waƙa tun kafin kowa ya gaya maka. Sunayen mutane da na kayan kiɗa na bar su yadda masu su ke rubuta su, domin da su za ka yi bincike a intanet.

Murya kafin kayan kiɗa

Makon farko ka ba shi ga muryar ɗan Adam tsurarta. Ka nemi kalmar kulning. Kiran dabbobi ne da matan karkarar Suwidin ke yi idan sun kai shanu da awaki makiyayar tsaunuka a lokacin zafi, murya siririya mai tashi sama ƙwarai, sau da yawa ba kalmomi, wadda ke ratsa daji ta isa nesa. Wanda ya taɓa jin Bafulatani yana kiran shanunsa da yamma ba zai sha wuyar gane amfanin abin ba. Kada ka saurare shi a matsayin waƙar nishaɗi. Kayan aiki ne, kuma tsayin muryar nisan daji ne ya jawo shi.

Daga nan ka wuce zuwa joik na mutanen Sami, masu kiwon wata dabbar ƙanƙara mai rassan ƙaho. A nan Bahaushe ya fi Bature saurin fahimta, saboda muna da take. Mutanen Sami suna cewa ba a yin joik a kan mutum, mutumin kansa ake rerawa. Kowa na iya samun nasa sautin, haka ma dutse ko dabba, kamar yadda makaɗi ke kaɗa taken wani a gane shi ba tare da an ambaci sunansa ba. Sautin ba shi da mafari ko maƙura a fili, yana zagayawa ne har numfashi ya tsaya. Ka rubuta a littafinka cewa masu wa'azin Kirista sun yaƙi wannan al'ada, sun ƙwace gangunan Sami sun ƙona a ƙarni na 17 da na 18, kuma har tsakiyar ƙarni na 20 akwai makarantun da aka hana yara yin joik. Za mu dawo kan wannan.

Sauran muryoyin ka ɗanɗana su a gurguje. A Aislan akwai rímur, dogayen labarai cikin baitoci masu ƙafiya da mutum ɗaya ke rerawa a daren hunturu. A tsibiran Faro jama'a na riƙe hannun juna su yi sarƙa, suna taku biyu hagu ɗaya dama, jagora na bayar da baiti ana yi masa amshi, ba ganga ba goge, wani lokaci baitoci sama da ɗari. A Finlan da yankin Kareliya akwai tsohuwar waƙar runo, mai gaɓa takwas a kowane layi, wadda ba ta damu da ƙafiyar ƙarshe ba, ta fi son kalmomin layi su fara da sauti iri ɗaya. Irin waɗannan waƙoƙi ne likita Elias Lönnrot ya bi ƙauyuka a ƙafa yana tattarawa, ya haɗa su ya fitar da littafin Kalevala a 1835, ya faɗaɗa shi a 1849. A cikinsa aka ba da labarin yadda gwarzonsu ya ƙera kantele na farko, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake ɗorawa a cinya, daga muƙamuƙin wani ƙaton kifi. Ka nemi ƙaramin kantele mai tsirkiya biyar, ka bar babban na zamani tukuna.

Masu goge

A nan ya kamata ka daɗe, domin gogen Turawa shi ne kashin bayan kiɗan karkarar yankin tun wajen ƙarni na 17. Idan kana neman makaɗan ƙauye na ainihi, ka haɗa bincikenka da kalmar spelman don Suwidin, spelemann don Norwe, pelimanni don Finlan. In ba haka ba, kiɗan kwantar da hankali da aka yi wa ado da hotunan tsaunuka za a yi ta jero maka. Wannan sashe kuma bidiyo yake so, ko da za ka rage ingancin hoton don tsimin data, saboda kana bukatar ganin ƙafar mai kiɗan.

Fara da hardingfele na yammaci da kudancin Norwe. Ka tsayar da bidiyon ka dube shi da kyau. Jikinsa ya sha zanen furanni da baƙar tawada, wuyansa an lilliƙa masa ɓawon kifin teku mai sheƙi, kansa kuma an sassaƙa shi kamar kan zaki ko dodo. Tsirkiyoyi huɗu ake gogawa, amma a ƙarƙashinsu akwai wasu huɗu ko biyar da babu abin da ke taɓa su. Su da kansu suke amsawa idan na sama sun yi kuka, shi ya sa mutum ɗaya zai yi kiɗa ka rantse su biyu ne. Mafi tsufa da aka sani yana ɗauke da shekarar 1651. Yanzu ka rufe ido ka bi bugun ƙafarsa a kiɗan rawar da ake kira springar. Bugu uku ne, amma ba tsawonsu ɗaya ba: a yankin Telemark na farko ne mai tsawo na uku gajere, a Valdres kuwa na farkon ne gajere. Karon farko za ka ɗauka makaɗin ne ke tuntuɓe. Ni ma haka na ɗauka, har na canza bidiyo sau uku ina neman wanda ya iya, ashe duk sun iya, kunnena ne bai iso ba. Ka yi ta tafa hannu da shi har ɗingishin ya zame maka tafiya.

Akwai abin da zai yi wa mai karatu kama da na gida. Kamar yadda goge ya sha suka a ƙasar Hausa, ana danganta shi da bori da shashanci, haka hardingfele ya sha a Norwe. Lokacin farfaɗowar addini ta ƙarni na 19 an kira shi kayan Shaiɗan, wasu makaɗa sun tuba sun fasa nasu ko sun ƙona, kuma an daɗe ba a yarda a shiga da shi coci ba.

A Suwidin ka nemi nyckelharpa na yankin Uppland, goge ne da aka jera wa maɓallan katako a wuya, ana danna su maimakon a taɓa tsirkiya da yatsa, har kana jin ƙwas-ƙwas ɗinsu a cikin kiɗan. Babbar rawarsu polska ce, ita ma mai bugu uku. Da kiɗan ya fara ja da baya saboda shigowar akodiyon, wato abin nan mai kama da zugazugi da ake rungumewa a ƙirji, sai mai zane Anders Zorn ya shirya gasar makaɗan ƙauye a Gesunda a 1906, abin da ya buɗe ƙofar farfaɗo da shi. A Finlan sunan da za ka riƙe shi ne Kaustinen, ƙaramin gari mai bikin kiɗa tun 1968, wanda UNESCO ta sanya gogensa cikin jerin al'adun duniya a 2021.

Rubutaccen kiɗa

Zamanin fada da coci kada ya ɗauke maka fiye da kwana biyu, domin a gaskiya yawancinsa aro ne daga Jamus da Italiya da Faransa. Ya isa ka san cewa Sarki Christian na 4 na Danmak ya ɗauki Baturen Ingila John Dowland aiki a fadarsa daga 1598 zuwa 1606. Cewa Dieterich Buxtehude, wanda Bach ya yi tattaki a ƙafa zuwa Lübeck a 1705 don ya ji shi, a ƙasar Danmak ya tashi. Cewa Johan Helmich Roman ake kira uban kiɗan Suwidin. Da kuma cewa Sarki Gustav na 3 ya kafa cibiyar kiɗa ta masarauta a 1771 da gidan wasan kwaikwayon waƙa a 1773, kuma a wurin rawa a gidan ne aka harbe shi a 1792. Mutum ɗaya da ya cancanci ka tsaya masa shi ne Carl Michael Bellman, mawaƙin mashaya da talakawan Stokholm, wanda ya rasu a 1795 amma har yau mutanen Suwidin na rera waƙoƙinsa da ka.

Labarin ya ɗauki zafi ne a ƙarni na 19, lokacin da ƙasashen da ke ƙarƙashin wasu suka shiga neman abin da za su nuna su ce nasu ne. Ole Bull, shahararren mai goge ɗan Bergen ta ƙasar Norwe, ya ɗauko wani makaɗin ƙauye da ake wa laƙabi da Myllarguten ya kai shi dandalin babban birni a 1849, kuma shi ne ya shawo kan iyayen Edvard Grieg suka tura yaron karatun kiɗa a Leipzig. Ga aikin da nake so ka yi, kuma in abu ɗaya kawai za ka ɗauka daga wannan jagora, to ya zama shi. Wani tsohon mai hardingfele daga Tinn, Knut Dahle, ya yi ta rubuta wa Grieg wasiƙa yana tsoron kada kiɗan da ya gada ya mutu tare da shi. A 1901 aka aika shi wurin Johan Halvorsen, wanda ya rubuta kiɗa 17 daga hannunsa, Grieg kuma ya mayar da su na fiyano a ƙarƙashin sunan Slåtter, aikinsa na 72. Ka nemi ɗaya daga cikinsu a hardingfele, ka saurara sau uku, sannan ka kunna na fiyanon. Ka rubuta abin da ya tsira da abin da ya ɓace. A kunnena, amon tsirkiyoyin ƙasa ya tsira ta wata dabara, amma sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano sun tafi, ɗingishin ma an ɗan miƙar da shi. Bayan haka ne za ka ji babban kiɗan Grieg na fiyano da ƙungiyar makaɗa na 1868 da wani kunne dabam, musamman kashi na ƙarshe da ke tsalle irin na halling, wata rawar karkarar Norwe. Wani abin dariya shi ne, sanannen kiɗansa na fitowar rana daga wasan kwaikwayon Peer Gynt, wanda ake ta ɗora wa hotunan tsaunukan Norwe, a cikin wasan asubahin arewacin Afirka yake siffantawa.

Jean Sibelius na Finlan, wanda ya rayu daga 1865 zuwa 1957, ya fi wuyar shiga. Kuskuren da na yi shi ne na kunna shi ta lasifikar waya a tsakar gida janareto na ruri, na ce ba komai a ciki. Kiɗansa kan fara ne can ƙasa-ƙasa kamar raɗa, sai da dare da abin kunne ake kama shi. A gidan masu jin harshen Suwidin ya tashi, amma ya rungumi Kalevala, ya je ya saurari mai waƙar runo Larin Paraske a 1891, shekara ta gaba ya fito da Kullervo. Ka fara da Finlandia, wanda ya samo asali daga wani taron goyon bayan 'yan jarida a 1899, lokacin da Rasha ke matsa wa ƙasar. Saboda masu tace kiɗa har da wasu sunaye aka riƙa kaɗa shi. Sautin tsakiyarsa ya yi yawo a duniya, shi ne ma Biyafara ta ɗauka ta yi taken ƙasa da shi a lokacin yaƙin basasa. Daga nan ka gwada simfoninsa, wato dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa, ka fara da na biyu, sannan na biyar, ka ajiye na bakwai na 1924 sai ka saba. Bayan 1926 bai sake fitar da wani babban aiki ba har shekara talatin, na takwas ɗin da duniya ke jira kuwa ya jefa shi a murhun gidansa.

Sa'ansa na Danmak, Carl Nielsen, ɗan mai fentin gidaje ne da ke kaɗa goge a bukukuwan ƙauye a tsibirin Fyn, kuma tare da uban ya fara. Simfoninsa na huɗu na 1916 yana da masu manyan ganguna biyu da ke fafatawa daga ɓangarori biyu na dandali, abin da zai burge duk mai son ganga. Shi ɗin dai ya rubuta waƙoƙi masu sauƙi da mutanen Danmak ke rerawa tare a makarantu da tarurruka. Idan kana son jin inda rubutaccen kiɗan ya kai a zamaninmu, ka nemi Kaija Saariaho ta Finlan, wadda ta rasu a 2023, amma kada ka yi tsammanin abin da za ka bi da tafi.

Daga zauren rawa zuwa situdiyo

Kiɗan zamani ka shige shi ta ƙofar baya. Mutanen Finlan sun ɗauki tango na Ajantina suka sanyaya shi, suka cika shi da bege da kewa, har suna yi masa biki a Seinäjoki tun 1985. Birnin Kopanhagan ya zama mafakar baƙaƙen makaɗan jaz na Amurka irin su Dexter Gordon da Ben Webster. A Suwidin kuma Jan Johansson ya ɗauki tsofaffin kiɗan ƙauye ya kaɗa su da fiyano cikin salon jaz a faifansa Jazz på svenska na 1964. Idan ka yi aikin makonnin baya, za ka gane polska a ciki tun kafin ka duba suna.

Sai ABBA, waɗanda suka ci gasar waƙa ta Eurovision a Brighton a 1974. Kowa ya san su, amma ka saurare su da littafinka a buɗe. Benny Andersson a wurin mahaifinsa da kakansa ya koyi akodiyon, Björn Ulvaeus daga ƙungiyar waƙoƙin gargajiya ya fito, kuma bayan ƙungiyar ta watse Benny ya koma yana kiɗa da masu goge na Orsa. Wannan baƙin cikin da ke ɓoye a ƙarƙashin kiɗan rawarsu ba daga Amurka ya zo ba. Bayansu ƙofa ta buɗe: a-ha na Norwe a 1985, Roxette, Ace of Base, da Björk ta Aislan. Dr. Alban ɗin da muka fara da shi, Denniz Pop ne ya haɗa masa kiɗa, shi kuma ya horar da Max Martin a situdiyon Cheiron, inda aka ƙera waƙar da ta fito da Britney Spears a 1998. Idan kana mamakin yadda ƙasa mai mutum kusan miliyan goma ta yi wannan, ka duba makarantun kiɗa masu arha da ƙananan hukumominta suka fara buɗe wa yara tun shekarun 1940, da ƙungiyoyin rera waƙa da suka cika ƙasar. Spotify ma da wataƙila kake saurare da shi a Stokholm aka kafa shi a 2006, ya iso Najeriya a 2021.

Akwai kuma kiɗan metal mai tsananin ƙara, wanda Norwe da Suwidin da Finlan suka yi suna a kansa. Ba dole ne ya yi maka daɗi ba, ni ma minti goma nake iya jurewa, kuma tarihinsa na da tabo, domin wasu 'yan wannan harka a Norwe sun ƙona coci-coci a farkon shekarun 1990. Duk da haka ka ɗanɗana, ka rage sauti, za ka ji yadda wasunsu ke cusa goge da labaran gargajiya a ciki.

Mako na ƙarshe ka koma kan alkawarin da na yi maka game da Sami. A 1968 Nils-Aslak Valkeapää ya fitar da faifan joik da kayan kiɗan zamani. A 1973 ƙungiyar Sumé ta fitar da faifan rok na farko da harshen Girinlan, tana sukar mulkin Danmak. A 1980, ana tsakiyar rigimar gina madatsar ruwa a kogin Alta da ke ƙasar kiwon Sami, Norwe ta aika Eurovision da waƙar da Mattis Hætta ya shigo tsakiyarta da joik sanye da kayan gargajiyarsu. Ba ta ci gasar ba, amma bidiyon na nan, ka nemo shi. Daga nan ka kunna Gula Gula na Mari Boine na 1989, matar da ta tashi a gidan da ake ɗaukar joik zunubi. Ka buɗe shafin da ka yi rubutu a makon farko, ka ajiye shi a gabanka, sannan ka nemi bikin buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Lillehammer a 1994, inda Valkeapää ya yi joik duniya na kallo.